Ruwan Wankin Akurki

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, samari biyu daga cikinku, 'yan uwanmu mazauna garin nan, 'yan unguwar Sri Petaling, suka tare ni a wajen takalma. Ɗaya ya ce, "Yaya Nafi'u, mu ma kaji za mu saya. Muna da baranda a hawa na tara, ga iska ga rana. Ai ba wani abu ba ne, ka watsa musu shinkafa, da safe ka kwashi ƙwai." Ɗayan kuma ya tambaye ni inda ake samun zakara mai kyau. Na ce Allah ya taimaka, na wuce. Ni magana a tsaye ba ta zo mini daidai, sai na koma gida nake tuna abin da ya kamata in faɗa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Shekara biyar ke nan ina kiwon kajin ƙwai a ɗan filin da ke bayan kicin ɗinmu a unguwar Taman Melati, tun ina farkon karatun digiri na uku, wanda har yau ban gama ba. Ba zakara a cikinsu. Kaza tana yin ƙwai ba tare da zakara ba, ƙwan ne kawai ba ya ƙyanƙyashewa. Wanda ya ajiye zakara a gidajen nan da ke manne da juna, to carar farko ce za ta kawo masa baƙi.

Aikin farko da na yi shi ne haɗa akurki, kuma sau biyu na yi shi. Na farko a ƙasa na kafa shi, yadda na ga ana yi a gidanmu a Kano. Mai gidan da nake haya, wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar nan, da ake kira Pak Mat, ya zo ya tsaya yana kallo, hannunsa a baya. Gidansa na kan layinmu, kuma ya yi kiwon kaji a ƙauyensu tun yana yaro. Da na gama buga ƙusa ta ƙarshe sai ya ce da Malayanci, "Ya yi kyau. Agwagi za ka saya?" A ranar da la'asar aka yi ruwa na minti arba'in, akurkin ya cika har idon sawu. Washegari na kwance shi, muka ɗora shi a kan ƙafafu huɗu, tsayin gwiwa, muka sa masa rufin da ya zarce ta kowane gefe.

Daga nan na zama almajirinsa, ko da yake bai taɓa cewa zai koya mini ba. Shi ya hana ni ragar waya mai manyan idanu, ya ce in sayo wadda ko ɗan yatsana ƙarami ba zai shiga ba, saboda ɓeraye da kuma guzan da ke fitowa daga kwata. Shi ya sa na sayi ganga mai murfi na roba, don laimar garin nan tana sa abincin kaji ya yi fumfuna cikin mako guda in an bar shi a buhu. Shi ya nuna mini yadda ake gauraya yashi da toka a cikin tsohuwar taya, kaji su riƙa birgima suna kashe ƙwarƙwata. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin shebur, faffaɗan ƙarfe na kankara, tsintsiya, bokiti mai murfi, da buhun ɓuntun shinkafa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin akurki. A gida kashin kaji yakan bushe ya zama gari da kansa. A nan ba ya bushewa. Ɓuntun ne yake shanye shi, kai kuma ka kwashe na sama kullum da safe, ka zuba a leda, ka ɗaure, ka fitar.

Na zo masa da littafi wata rana, ina nuna masa yawan filin da aka ce kowace kaza tana bukata. Ya karɓa ya juya shi, ya miƙo mini. "Kai ɗan littafi ne," in ji shi. "Durƙusa. Sa hancinka daidai inda hancin kaza yake. In idonka ya yi yaji, ka makara da kwana biyu." Na durƙusa. Bai yi yaji ba, amma tun daga ranar nake yin hakan.

Kaji shida na tsaya a kansu, irin na gida da suke kira ayam kampung. Ƙwai huɗu ne ko biyar a rana in suna cikin lafiya, in ɗaya ta shiga kwanci ko suna zubar da gashi sai ya koma biyu. Kowane ƙwai ina rubuta masa ranar da aka yi shi da fensir a jikin ɓawo, kuma ba na wanke shi, da busasshen tsumma nake gogewa. Masu saye matan malamai ne da na ɗalibai 'yan uwanmu, musamman mai jego da mai yaye. Akwai Hajiya Binta ta Lembah Pantai, wadda takan hau jirgin ƙasa sau biyu don ƙwai goma. Ta fasa ɗaya a gabana ranar farko ta duba gwaiduwa.

"Yauwa," ta ce, "wannan ne ƙwai. Na kanti kuwa kamar an tsorata kazar. Amma Malam Nafi'u, rubutun nan fa? Jarrabawa za su zauna?"

Yanzu maganar doka, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Kafin in sayi kaza ko ɗaya na yi mako biyu ina karanta duk abin da na iya samu na dokokin birni da yarjejeniyar haya. Ni ba lauya ba ne, abin da na gani kawai zan faɗa. Ban ga inda aka rubuta cewa ɗan haya yana da haƙƙin ajiye kaji ba. Abin da na gani maganar damun maƙwabta ce: wari, ƙuda, ƙara, ƙazanta. Wato babu takardar da za ka ɗaga ka ce ga izinina. Kana nan ne muddin ba wanda ya kai kuka. Na gaya wa Pak Mat haka, ya kaɗa hannu ya ce, "Boleh, boleh," ma'ana an yarda. Na san ya kamata in ce ya rubuta mini. Amma yaya za ka dubi dattijo sa'an mahaifinka, wanda ya tsaya a rana yana riƙe maka katako, ka ce masa maganarsa ba ta isa ba? Na bar maganar a haka.

Abin da na yi a maimakon haka shi ne kyautata wa maƙwabta. Gidan dama, gidan hagu, da gidaje biyu da ke fuskantarmu ta gaba, duk wata ina kai musu ƙwai. Mazajen muna haɗuwa a masallacin unguwa, matan kuma suna gaisawa da matata Hadiza a bakin ƙofa. Na ƙirga su huɗu, na ce maƙwabtana ke nan.

A shekara ta uku Pak Mat ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa garin Kuantan, al'amuran gidajensa suka koma hannun ɗansa Azman, wanda sau ɗaya na taɓa gani. A daidai lokacin damina ta yi ƙarfi, ɓuntu ya daina bushewa, na fara jin ɗan wari idan na durƙusa. Babu wanda zan tambaya. Sai na yi abin da na ga ya fi tsafta. Na kwashe ɓuntun gaba ɗaya, na yi wa ƙarƙashin akurkin daɓen siminti mai gangara, na sayi tiyo da buroshi. Kullum bayan sallar asuba in wanke daɓen tas da omo, in kore ruwan da tsintsiya ya fita ta ƙarƙashin ƙofar baya ya faɗa kwatar lungu. Haka mahaifiyata take wanke tsakar gida, ruwa ya bi rariya ya fita lungu, ƙasa ta shanye, ba wanda ya ƙara tunawa da shi. Filina ya koma fes, har Hajiya Binta ta ce ana iya shimfiɗa darduma a wurin. Wata bakwai ina haka.

Ranar wata Talata da hantsi ina gyara babi na huɗu na kundin digirina aka buga ƙofa. Ma'aikata biyu ne na hukumar birni, cikin kayan aiki, ɗaya da takarda a hannu. Sun yi sallama da ladabi, suka ce an kai kuka kan wari da ƙuda daga gidan nan. Na kai su baya. Babban ya duba daɓen, ya leƙa cikin akurki, ya buɗe gangar abinci ya rufe.

"Wurinka da tsafta," ya ce.

"To me aka ce na yi?"

"An ce wari da ƙuda."

"Wa ya faɗa?"

"Wannan ba mu faɗa." Ya miƙo mini takardar. "Kwana goma sha huɗu. Ka kawar da abin da ake kuka da shi. Za mu dawo. In kukan yana nan, kajin ne za su tafi."

Na tambaye shi me zan kawar, tunda shi da kansa bai ji wari ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai bai san hancin wani ba.

Da yamma Azman ya kira, don an aika masa kwafi. Na ce masa mahaifinsa ne ya yarje mini, har ma tare muka haɗa akurkin. Ya ce, "Na yarda ba ƙarya kake ba. Amma Baba yanzu ko sunana da ƙyar yake faɗa, ni kuma ban ga komai a rubuce ba. Ka kawo mini sa hannun duk maƙwabtanka cewa ba su da damuwa. In ba haka ba, ka fitar da su kafin mutanen nan su dawo. Ba na son takarda ta biyu da sunan gidanmu."

Na buga takarda, layi huɗu, na bi gida gida. Kowa ya sa hannu. Malamin firamare da ke damanmu har cewa ya yi, "Wane mara aikin yi ne wannan?" Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don a lissafina dole ɗaya daga cikin huɗun ne ya kai kukan, kuma ga shi ya sa hannu yana murmushi. Na fara duban fuskokinsu a sahu. Na ƙara wanki ya zama sau biyu a rana, safe da yamma, na ƙara omo, na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙamshin lemo. Kajin suka tsargu da yawan motsi, ƙwai ya koma biyu. Na daina zuwa ɗakin karatu. Na kira wani ɗan uwa a Gombak mai ɗan fili ko zai karɓe su, ya ce shi ma mai gidansa bai san da nasa kajin ba.

A kwana na takwas Hadiza ta same ni ina duba takardar a kan tebur. Ta ajiye mini shayi ta tsaya.

"Abban Nana, layi nawa ka yi?"

"Huɗu. Dama, hagu, gaba biyu."

"To tsohuwar da ke zuba tafasasshen ruwa a kwata kullum fa?"

"Wace tsohuwa?"

"Ta baya mana. Wadda kicin ɗinta ke kallon namu. Kai ka gama wankinka ka tafi makaranta, ni nake ganinta ta taga. Butar ƙarfe guda take juyewa, tana magana ita kaɗai."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na ɗauka al'adarsu ce. Kai ma ai ka san da ita."

Na san da ita, kamar yadda mutum ya san da bishiya. A Kano bayan gidanmu katanga ce, bayan katangar lungu, bayan lungun wata katangar. Maƙwabci shi ne wanda ƙofarsa take kusa da taka. A nan kuwa gidaje jere biyu ne suka ba juna baya, lungun da ke tsakani bai fi taku uku ba, kuma kicin yana kallon kicin. Mutumin da ya fi kowa kusa da kajina ban taɓa sa shi a lissafi ba.

Ba a shiga gidan mutum ta ƙofar baya a zuwan farko, don haka muka zagaya, ni da Hadiza, muka wuce gidaje tara, muka karya kwana, muka sake wuce tara. Ina riƙe da ƙwai goma a kwali. Matar 'yar China ce, za ta kai shekara saba'in, ana ce mata Anti Wong. Tana yin 'yan ƙananan waina masu zaƙi da ake kai wa wata rumfa a kasuwar safe. Ta dube mu ta cikin ƙarfen ƙofa, ta dubi kwalin.

"Mai kaji," ta ce da Malayanci. "Ka san hanya ashe. Ajiye ƙwanka a nan waje, ku shigo."

Ta ratsa da mu falo har kicin. Tun kafin ta buɗe ƙofar baya idona ya fara yaji. Farantanta na waina duk a rufe suke da raga biyu biyu, ga takardar kama ƙuda tana rataye, ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗauko wani ƙarfe mai lanƙwasa, ta saƙala shi a murfin kwatar da ke ƙarƙashin matakalarta, ta ce in ja. Na ja. Kwatar ta lotsa a daidai wurin, ruwa ba ya wucewa. Duk abin da na kora daga daɓena wata bakwai yana nan kwance, baƙi, mai kauri, tsutsa tana motsi a samansa, ga kumfar omona mai ƙamshin lemo a gefe. Na ɗaga kai. Daga nan ana hango akurkina, fes, yana ƙyalli.

"Kwana takwas ɗin nan ma ƙaruwa ya yi," ta ce. "Na kai ƙara a rage, sai aka ninka mini."

Na ce ban sani ba. Na ce da ta faɗa mini.

"Sau uku ina ɗaga maka hannu. Ina cewa, kai, kai. Ka sunkuyar da kai ka shige ciki kamar ka ga mai bin bashi."

Hadiza ta ce, "Anti, ki yi haƙuri. A wajenmu namiji ba ya tsayawa yana kallon matar da ba tasa ba. Girmamawa ce."

"A wajenku girmamawa," in ji ta. "A wajena ƙuda. Ni ma da abinci nake ci. In mai rumfa ya ga ƙuda ɗaya a wainata, wa zai ba ni kwana goma sha huɗu?"

Kwana uku na yi a cikin kwatar nan. Na ɗage murafe bakwai, na kwashe laka da shebur, na tsane ta a buhu, na ɗaure, na fitar. Na cike lotsawar da tsakuwa da siminti har ruwa ya koma gudu. Na naɗe tiyo na kai shi ɗakin ajiya, na toshe ƙarƙashin ƙofata da bulo, na sayo ɓuntu buhu biyu na shimfiɗa mai kauri, na ƙara rufi don feshin ruwan sama. Anti Wong tana zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofarta tana ba da umarni. Ashe a gidan kiwon agwagi ta tashi. A rana ta uku ta tsallako lungun, ta shiga filina ba tare da ta tambaya ba, ta ɗaga kajin ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙasan cikinsu.

"Shida sun yi yawa a nan. Huɗu. Wannan da wannan sun kusa daina yi, abincinka kawai suke ci."

Biyun da ta nuna su ne na fara saya. Na duba littafin da nake rubuta ƙwai, na ga gaskiyarta. Na kai wa Hajiya Binta su, ana sunan jikarta a satin.

A kwana na goma sha biyu na sake buga takardar, na ƙara layi na biyar, na sake zagaya gidaje goma sha takwas. Ta sa tabarau, ta karanta daga sama har ƙasa, har da sa hannun sauran, ta miƙo mini.

"Ba zan sa ba."

Na ce ko akwai sauran abin da ban gyara ba.

"Babu. Ka yi aiki. Amma in na sa hannu za ka yi barci."

Na yi mata bayanin Azman, cewa ba tare da hannunta ba jibi kajin za su bar gidan. Sai ta ce in ba ta lambarsa. A gabana ta kira, ta sa yadda zan ji. Ta faɗi sunanta da lambar gidanta, ta ce ita ce ta kai kukan.

"To yanzu yaya, Anti?" in ji Azman. "Kin janye?"

"Yau babu wari."

"Wato an gama ke nan?"

"Na ce yau. Gobe ban sani ba. In ya dawo, kai zan fara kira, ba su ba."

Azman ya yi dariya kaɗan, ya ce to kajin su zauna har ranar da ta kira. Ma'aikatan sun dawo a ranar da suka ce. Babban ya duba filina, ni kuma na roƙe shi ya fito lungu, na ɗaga masa murfin kwatar da hannuna. Ya leƙa, ya rubuta wani abu, ya ce shi ke nan a yanzu. Ban samu wata takarda daga wajensu ba, ko mai cewa an rufe maganar.

Da wannan nake riƙe da kaji huɗu, shekara biyu ke nan. Na sake komawa kan dokokin sau da yawa ina neman abin da ya fi shi ƙarfi, ban samu ba. Duk Asabar da safe nakan ƙwanƙwasa ƙofar bayanta in karɓi ƙarfen nan mai lanƙwasa, in ɗaga murfin, mu leƙa tare. Daga inda nake tsayawa ina ganin firjinta. Lambar Azman tana manne a jikinsa, da manyan baƙaƙe, kuma da takardar ta koɗe bara sai ta sake rubuta sabuwa.